Levothyrox da kinin hutun haihuwa: faɗa suke yi a jiki?

Maman Nafisa Bukoki:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Don Allah wanda ya san abin nan ya taimaka mini. An yi mini aikin maƙoƙo aka cire tiroyid ɗin duka, wato ƙullutun nan na gaban wuya, tun lokacin nake shan Levothyrox 100 kowace safiya, maganin da ke maye gurbin homon, wato sinadarin da tiroyid ke yi wa jiki, kuma lafiyata lau, da shi ma na ɗauki cikin Nafisa har na haihu. Da na yaye ta sai na je CSI, asibitin unguwa, na karɓo kinin na hutun haihuwa, Microgynon, da yardar maigida. To tunda na fara haɗa su jikina ya ƙi daɗi. Kasala ba a magana, in na koma bayan asuba sai rana ta take ni. Kowa na neman fanka ni ina neman mayafi. Bayan gida sai da ƙyar, gashi na bin mataji, riguna duk sun matse ni. Magungunan nan biyu ba sa jituwa ne? In ajiyewa za a yi, wanne zan ajiye?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Sannu ƴar'uwa. Kinin ɗin ne. Ni ma da na fara shi na sha tashin zuciya da ciwon nono, har ɗigon jini ina gani tsakiyar wata. Sajfam ta ce in daure wata uku, kuma gaskiyarta, ya wuce. Ki ƙara haƙuri.

Hajiya ta Zongo:
Ɗiyata, ajiye shi kawai. Jiki guda magani biyu kullum, ina dalili? Ki huta da su duka na ɗan lokaci jikinki ya dawo daidai, sannan ki ga wanda za ki koma wa.

Ramatu Sajfam:
Hajiya, ki gafarce ni, amma nan kam ban yarda ba. Maman Nafisa, kada ki ajiye Levothyrox ko na kwana guda. Wadda aka cire wa tiroyid duka ba ta da wani wurin da jikinta zai samo homon ɗin nan sai wannan ƙwayar. Abin da ke ruɗin mutane shi ne in an daina ba a ganin komai a satin farko, saboda maganin yana daɗewa a jini, sai kusan kwana 7 rabinsa ke ƙarewa. Daga baya ne mutum ke zubewa: kumburin fuska, murya ta dushe, zuciya ta rage gudu, mantuwa, in aka bari ya yi nisa har suma. Shi kuma kinin, in kin tsaya tsakiyar kati ba tare da wata kariya ba, ciki na iya shiga a daidai lokacin da homon ɗinki ya yi ƙasa, kuma wannan ne lokacin da ba a so ya shiga.
Uwar Biyu, abin da kika faɗa gaskiya ne ga kinin shi kaɗai. Amma dubi abin da ta lissafa: jin sanyi, taurin ciki, zubewar gashi, kasala. Waɗannan alamun ƙarancin tiroyid ne, ba na sabon shan kinin ba.

Hajiya ta Zongo:
To Madam, ku ne masu aikin. Ni dai tausayinta na ji.

Lawali Farmasi:
Salamu alaikum. Abin da Madam Ramatu ta faɗa haka yake, bari in ƙara bayanin yadda abin ke faruwa.
Microgynon shi kansa homon biyu ne a ƙwaya guda: ethinylestradiol mikrogiram 30 da levonorgestrel mikrogiram 150. Na farkon, wato estrojen, in an haɗiye shi ta hanta yake bi, sai ya sa hanta ta ƙara yawan wani furotin da ake kira TBG. Aikin wannan furotin shi ne ya riƙe homon tiroyid a cikin jini. Wanda aka riƙe ba ya aiki, sai wanda yake sake. Kamar hatsin da aka zuba a rumbu aka liƙe ne: yana gidan, amma ba shi ake ɗorawa a murhu ba.
Mace mai lafiyayyen tiroyid ba ta ma jin wannan canjin, don tiroyid ɗinta zai ƙara aiki ya cike giɓin. Wadda aka cire wa nata ba ta da mai cikewa, 100 ɗin nan dai ita ce 100. Shi ya sa wasu matan ke bukatar a ƙara musu Levothyrox bayan sun fara kinin mai estrojen. Na ce wasu, ba duka ba. Akwai waɗanda ke haɗa su shekara da shekaru awonsu bai motsa ba.
Kuma haɗa su ba laifi ba ne. A ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya ciwon tiroyid ba ya hana mace kowace irin hanyar tsarin iyali. Abin da ake so shi ne a auna TSH, awon jinin da ke nuna ko homon tiroyid ya ishi jiki, bayan sati 6 zuwa 8 da farawa, in ya hau likita ya gyara awon magani.

Zeinabu Talaje:
To ai da sauƙi ke nan. Ta riƙa shan guda da rabi mana ta gani. Yayata haka ta yi ta ji daɗin jikinta.

Lawali Farmasi:
A'a Malama Zeinabu, don Allah kada ta yi haka. Daga 100 zuwa 150 tsalle ne babba. Likitoci da 12.5 ko 25 suke ƙarawa, su jira sati 6 su sake aunawa. In ya yi yawa ga bugun zuciya, ga rawar hannu, gumi, rashin barci, rama. In aka daɗe a haka ƙashi na yin laushi, bugun zuciya kuma na iya rikicewa. Daɗin da yayarki ta ji a farko ba shi ne shaida ba. Ki ce mata ta je ta yi analiz.

Ramatu Sajfam:
Maman Nafisa, tambaya uku. Katin naki ƙwaya 21 ne ko 28? Da wane lokaci kike shan kowanne? Kuma al'adarki tana zuwa?

Maman Nafisa Bukoki:
Na gode ƙwarai Madam, na gode Malam Lawali. Ƙwaya 28 ne, bakwai na layin ƙarshe launin ƙasa. Tare nake haɗiye su da safe da shayi mai madara don kada in manta ɗaya. Al'ada tana zuwa, sai dai ta ragu.

Lawali Farmasi:
Yawwa, ga wani dalilin kuma. Irin katin da ake bayarwa mai ƙwaya bakwai masu launin ƙasa, waɗannan ba homon ba ne, maganin ƙarin jini ne mai sinadarin ƙarfe. Ƙarfe kuwa yana kama Levothyrox tun a hanji ya hana shi shiga jini. Ke nan sati guda a kowane wata ana rage miki magani tun kafin ya isa inda za shi. Madarar shayin ma haka, saboda kalsiyom. Kofi, awara, madarar waken soya, Maalox da ire-irensa na gyambon ciki, duk suna rage shigarsa.
Ga yadda ya kamata: Levothyrox da ruwa zalla, ciki ba komai, minti 30 zuwa awa guda kafin kari. Da kin idar da sallar asuba ki sha, kafin a haɗa abin kari lokaci ya cika. Kinin kuma ki mayar da shi bayan isha'i kullum, tazarar ta wuce awa 4 da ake so tsakaninsa da ƙarfe. Shansa da dare ma yana rage tashin zuciya.

Ramatu Sajfam:
Raguwar jinin al'ada a kan kinin ba abin tsoro ba ne. Duk da haka ki yi gwajin ciki, ba shi da tsada, a fitar da wannan daga lissafi. In ciki ne magana ta canza gaba ɗaya, don bukatar Levothyrox tana ƙaruwa tun satukan farko, sau da yawa da kashi 25 zuwa 50 cikin 100, kuma ƙwaƙwalwar jariri a watannin farko da homon ɗin uwa take ginuwa. A duba miki yawan jini ma, don ƙarancin jini shi ma yana kawo kasala da zubewar gashi, kuma ya yi yawa ga matan da suka gama shayarwa.

Mariyama Yantala:
Ni abin da ke ci mini rai shi ne ba a tambaya. Ranar da na je wani wuri karɓar nawa, layi har waje, matar ba ta ko ɗago kai ba, ta miƙo mini kati uku ta ce ta gaba. Ba awon tansiyo, ba tambayar wane magani nake sha. Da an tambayi baiwar Allah nan tun farko ai da an gaya mata ta raba lokacin shansu.

Ramatu Sajfam:
Ba zan kare wannan ba, Mariyama. Awon tansiyo kafin a ba da kinin mai estrojen wajibi ne. Daga 14/9 ba a so, daga 16/10 ba a bayarwa sam. Haka mai ciwon ɓarin kai da ke fara ganin walƙiya ko dishi-dishi kafin ciwon ya zo, da wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, da mai shan taba da ta kai shekara 35, da mai jego da ba ta cika sati 6 ba. Wata ranar mace guda ce ke duba mata sun fi ƙarfinta, amma wannan ba uzuri ba ne. Ku ma ku taimake mu: ku zo da kwalayen magungunanku a leda ku ajiye gabanmu tun kafin a tambaye ku.

Ɗan Adar:
Salamu alaikum uwayena da yayyena. Ku yi mini haƙuri in shigo maganar mata, amma na ga ana zancen homon biyu. Tsohuwata tana Tawa, tana da ciwon suga, allurar insulin take yi. Munka kai ta likita don ciwon gaɓɓai anka ba ta Cortancyl. Tun da ta fara shi suga ya ƙi sauka, in munka auna da safe da dama-dama, da marece ya hau sama. Ƙanena ya ce mu tsaida sabon maganin. Mi kunka gani?

Majo Isufu:
Ɗan Adar, Allah ya ba Inna lafiya. Tambayarka ta shiga zancen, don duka biyun homon ne, kuma su waɗannan da gaske suke ja da juna. Cortancyl prednisone ne, dangin kortizon. Yana sa hanta ta sako suga, yana kuma sa jiki ya ƙi jin insulin. In an sha shi da safe, sugan yakan hau ne daga azahar zuwa dare, ya sauko kafin wayewar gari, daidai abin da kuke gani.
Kada ku tsayar da shi kai-tsaye, musamman in ta wuce sati biyu zuwa uku tana sha. Jiki yana rage yin nasa kortizon in ana ba shi daga waje, in aka yanke lokaci guda tansiyo na iya faɗuwa, ga amai, ga suma. A hankali ake janye shi. Ku riƙa rubuta awon suga na safe da na yamma a takarda, ku koma wurin wanda ya rubuta ordonans ɗin, ku tabbatar ya san tana kan insulin. Zai iya ƙara insulin na wannan lokacin. Abin da iyalai ke mantawa shi ne ranar da aka fara rage Cortancyl dole a rage insulin ɗin ma, in ba haka ba suga ya faɗi da dare. A ajiye sukari ko dabino kusa da shimfiɗarta.

Ɗan Adar:
Madalla Majo, Allah shi saka da alheri. Yanzu nika kiran gida.

Nana ta Lazare:
Tunda an buɗe wannan ƙofar, ni ma ga tawa. Mata da yawa in za su Umra ko Hajji, ko goman ƙarshe na azumi, suna sayen Primolut-Nor don tsayar da al'ada. Na san waɗanda ke kan kinin hutu kuma su ɗora wannan a kai. Akwai matsala?

Lawali Farmasi:
Akwai, Hajiya Nana. Primolut-Nor norethisterone ne, kuma a irin awon da ake sha don tsayar da al'ada jiki yana juya wani ɓangarensa zuwa estrojen. Wadda ke kan Microgynon in ta ɗora shi ta ƙara wa kanta haɗarin daskarewar jini a jijiya, ga zaman jirgi na awoyi, ga zafin Makka da ƙarancin shan ruwa. Kuma ba ta ma bukatarsa. Mai shan kinin mai homon biyu in tana son ɗage al'ada, tsallake bakwai na ƙarshe take yi ta shiga sabon kati. Ta fara magana da sajfam ɗinta kafin tafiya.
Hukumar magunguna ta Turai ta fitar da lissafi a kan daskarewar jinin: cikin mata 10,000 da ba sa shan komai, kimanin 2 ne ke samunsa a shekara. Masu shan kinin mai levonorgestrel, 5 zuwa 7. Masu drospirenone ko desogestrel haɗe da estrojen, 9 zuwa 12. Alamun da ba a kwana da su: ƙafa guda ta kumbura tana ciwo, numfashi ya sarƙe ba dalili, ciwon ƙirji, ko ɓarin jiki ya mutu.

Uwar Biyu:
Malam Lawali, irin wannan lissafin ne ke sa mata gudun tsarin iyali. Yanzu wata za ta karanta ta watsar da nata, wata tara ta dawo da goyo a kan goyo.

Ramatu Sajfam:
Uwar Biyu, na fahimci damuwarki, amma ɓoyewa ba ta taɓa taimakonmu ba. In mace ta ji abu a bakin maƙwabciya alhali mu ba mu faɗa mata ba, ba ta sake yarda da mu. Abin da za a haɗa da lissafin shi ne: haɗarin daskarewar jini lokacin ciki, musamman satukan jego, ya fi na kinin.

Halima Harobanda:
Ku yi maganar masu shan dexa don ƙiba ma. Ƴammata na saye wurin masu yawo da magani a tire, wasu na kan kinin hutu. Fuska ta yi tulu-tulu, ƙafafu siriri, fata ta tsattsage.

Majo Isufu:
Dexamethasone ɗan'uwan Cortancyl ne, ya ma fi shi ƙarfi nesa. Wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne da kitsen da ya taru a fuska da ciki, tsoka kuma tana narkewa. Yana hawar da tansiyo da suga, wanda shi kaɗai ya isa ya sa kinin mai estrojen ya zama bai dace da yarinyar ba. Wadda ta daɗe a kansa ita ma kada ta yanke lokaci guda, ta zo a janye mata.

Mai kula da zaure:
Jama'a, maganar dexa babba ce, a buɗe mata nata wurin. Mu koma kan tambayar Maman Nafisa.

Hadiza daga Liyon:
Ina gaida mutanen gida. Maman Nafisa, ki duba ko kwalin maganinki ya canza. Nan Faransa a 2017 kamfanin ya canza haɗin Levothyrox, aka cire laktoz aka sa manitol, mutane da yawa suka yi kukan kasala da jiri da zubewar gashi, har magana ta kai kotu. Homon ɗin bai canza ba, abin da aka haɗa shi da shi ne ya canza. Tun lokacin ake jaddada mana cewa in an canza maka kamfani ka sake auna TSH.

Lawali Farmasi:
Gaskiya ne Hadiza. Mu nan ma in wani ya yanke a kasuwa sai a ba mutum na wani kamfanin. Ga kuma zafi: takardar cikin kwali tana cewa kada ya wuce digiri 25 ko 30, mu kuwa a watan Afrilu Yamai na haura 40. Kada a bar shi a mota, ko bakin taga, ko kusa da murhu. A bar shi cikin katinsa, a wuri mafi sanyi a ɗaki.

Mariyama Yantala:
Ni a ganina duk wannan wahalar ba ta da amfani. Tunda estrojen ne ke kawo rikicin, ta koma wanda ba shi da shi mana. Ga allurar Sayana Press duk wata uku, ga na hannu da ake sawa ƙarƙashin fata, Implanon shekara 3, Jadelle shekara 5. Ba ruwanta da lissafin awa huɗu.

Uwar Biyu:
Allura? Ita da ke kukan riguna sun matse ta? Allurar wata uku ta fi kinin sa ƙiba, ga rikicin al'ada, kuma in ta daina sai ta yi watanni, wata har kusan shekara, kafin ciki ya samu. Nafisa guda gare ta fa.

Mariyama Yantala:
To na hannun. Ranar da aka cire shi haihuwa ta dawo.

Ramatu Sajfam:
Ku duka kuna da hujja. Hanyoyin da ba su da estrojen ba sa hawar da furotin ɗin da Malam Lawali ya bayyana, har da sterile na jan ƙarfe da ake sawa a mahaifa, wanda ba shi da homon ko kaɗan, sai dai shi yana ƙara yawan jinin al'ada. Na hannu kuma babban kukan mata a kansa ɗigon jini ne ba ƙa'ida, wanda ke dama musu lissafin salla. Ni da za ta zo wurina ba zan canza mata komai ba sai na ga TSH, don in aka canza abu uku lokaci guda ba a gane wanne ne ya yi aiki. Abu guda dai: in an ƙara mata Levothyrox saboda kinin, ranar da ta daina kinin a sake aunawa, don awon zai iya yi mata yawa.

Majo Isufu:
Madam, a nan na ɗan saɓa miki. Kuɗin analiz ba kowa ke iya fitar da shi duk wata biyu ba, kuma ba kowane gari ake yinsa ba. Ita tana Yamai, da sauƙi. Amma matar da ke ƙauyen Ilela ko Keita wadda aka cire wa tiroyid, ni tun farko zan ɗora ta kan hanyar da ba ta taɓa awon maganinta.

Maman Nafisa Bukoki:
Allah ya saka wa kowa. Na yi gwajin ciki, babu. Jiya na mayar da kinin dare. Likitan da ke bibiyata ya rubuta mini TSH da awon jini, ya ce kada in taɓa awon maganin sai sakamako ya fito. Maganar na hannu kuma sai mun zauna da maigida, shi ya fi son abin da zan iya dainawa da kaina.

Nana ta Lazare:
Malam Lawali, in azumi ya zo fa? Asuba ta wuce, kuma da an sha ruwa ciki ya cika.

Lawali Farmasi:
Hanya biyu ce, Hajiya. Ko ta tashi minti 30 zuwa awa guda kafin sahur ta sha da ruwa, ko ta sha lokacin kwanciya in ta yi awa 3 ba ta ci komai ba. Wadda ta zaɓa ta tsaya a kanta har salla.

Zeinabu Talaje:
Awa uku ba ci a daren azumi? Gidanmu bayan asham ake zama cin tuwo, fura kuma sai sha biyu. Sai dai ta sahur ɗin.